Littattafan da Gara Ta Riga Mu Karantawa

Shekarun baya, ranar da mahaifiyata ta kai ni sabuwar makaranta a Kibiya, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne wani siririn layin jar ƙasa a ƙafar kabad ɗin ofishin hedimasta. Lokacin ina aji huɗu na firamare, ba mu daɗe da tasowa daga Zurgu ba. Mahaifiyata tana gaisuwa, hedimasta yana tambayar shekaruna, ni kuwa kaina na sunkuye kamar yadda na saba. Layin ya fito daga tsagewar siminti, ya bi ƙafar baya, ya ɓace tsakanin katako da bango. Na san shi sarai. A gida, in mahaifiyata ta ga irinsa a gindin rumbu, nan take za ta karce shi ta zuba toka da baƙin mai. Ginin gara ne.

Da na saci kallo sama, sai na ga abin da ke cikin kabad ɗin ta gilashi: littattafan yara masu launi, layi huɗu, a jere tsaf. An juyo da fuskar guda ɗaya waje, mai hoton yarinya tana leƙa tantanin ganye da wani gilashi mai mariƙi. Ban taɓa ganin littafi mai kyau haka ba. A ƙofar kuma an maƙala wani ƙaton kwaɗo.

Hedimasta ya lura da ni, ya yi murmushi. Ya ce wa mahaifiyata, "Daga Kano aka kawo mana su. Amana ce, kuma masu su sun ce za su dawo su gani. In na sakar wa yaran nan, cikin sati guda za ki tsinci shafinsu a hannun mai ƙosai."

Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka haka. Duk ranar Alhamis da kansa yake goge gilashin da hannun rigarsa. Makullin yana ɗaure da zare a aljihunsa. Mu kuma a aji littafin karatu ɗaya ne, a hannun malamarmu, tana rubutawa a allo muna kwafa.

Da muka koma gida na ce wa mahaifiyata na ga gara a ofis. Ta ce, "Mutum mai ilimi kamarsa, ke ce za ki nuna masa gara? Ai ya gani. Ki kama bakinki, yau-yau kika zo."

Na gaya wa ƙawata da muke zama benci ɗaya. Ta yi dariya har da dukan tebur. "Ke da ko sunanki aka kira sai an kasa kunne kafin a ji amsarki? To je ki mana, uwar 'yan magana, ina nan ina jiran ki."

Na je kuwa, har sau uku. Duk lokacin da malama ta nemi mai karɓo alli, ni ce nake miƙewa. Tun daga bakin aji nake shirya maganar a raina. In na shiga sai in ce, "Malam..."

"Na'am, 'yar Zurgu?"

"Malama ta ce a ba ta alli."

Shi ke nan jarumtata. In karɓi alli, in dubi ƙafar kabad, in ga layin ya ƙara kauri, in fita. Bayan damina ya zama biyu. A zuwana na ƙarshe na ga wani ɗan garin ƙasa a kusurwar gilashin daga ciki. Shi ma na haɗiye.

Sai ga labari baƙi za su zo daga Kano. Aka share fili, aka yayyafa ruwa, aka aro kujeru. Malama ta zaɓe ni in yi karatu a gabansu, wai ba na tuntuɓe a kalma, muryar ce kawai sai an yi haƙuri da ita. Raina ya yi fari, don na san littafin da zan nema.

Baƙin su uku ne, babbarsu wata Hajiya mai tabarau. Hedimasta ya sa aka tsayar da ni kusa da shi a ofis, sauran yara suna leƙe ta taga. Ya ciro makulli, ya yi bisimilla, ya ce, "Hajiya, kamar yadda kuka kawo su, ko ƙura ba ta taɓa su ba." Ya buɗe. Wani wari ya bugo mu, irin na ɗakin da ruwa ya kwana a ciki.

Ya ce, "'Yar Zurgu, wanne kike so?" Na nuna mai yarinya da ganye.

Ya sa hannu ya ɗauko. Bangon littafin ne kaɗai ya biyo hannunsa. Cikin littafin ya zube a kan takalminsa, jar ƙasa da 'yan ƙananan fararen ƙwari suna ta motsi. Ya jawo na kusa da shi, haka. Ya jawo na uku, layin gaba ɗaya ya rufta. Ashe gara ta shiga ta baya, ta cinye takardu, ta bar gefen da ake gani ta gilashi lafiya lau. Watanni yana goge fatar littattafai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce, ya sake faɗa, ya sake.

Hajiya ta cire tabarau, ta tambaya a hankali, "Malam, yaushe rabon da a buɗe kabad ɗin nan?"

Ya zauna a kujera, bangon yana hannunsa, yarinyar hoton tana nan tana leƙa ganyenta. Ban taɓa ganin babban mutum ya rasa inda zai sa idonsa ba sai ranar.

Har yau in na tuna, ba faɗuwar littattafan ce ta fi tsaya mini ba. Abin da ya fi shi ne a duk cikin ofishin nan ni kaɗai ce na san abin da zai faru. Na ɗauka shiruna ladabi ne. Ladabin nan nawa ya ciyar da gara wata bakwai. Kunyar ba ta bar ni ba har yanzu, ina sakandare amma muryata tana nan inda take. Sai dai na daina cewa "ai ya gani".

Washegari na tarar da shi a bakin ofis, ya shimfiɗa tabarma a rana yana tsince waɗanda suka tsira. Goma sha ɗaya ne, duk daga layin sama. Na ji yana gaya wa malamarmu zai sa mai walda ya ƙera akwatin ƙarfe, ya ga ta inda gara za ta bi.

Ba alli aka aike ni ba, amma na je na durƙusa a gefen tabarmar.

"Malam, na ga garar tun ranar da na zo. Na ji tsoron faɗa."

Ya ɗago ya dube ni. "Tun ranar da kika zo, 'yata?"

Na gyaɗa kai. Na riga na fara, sai na ci gaba.

"Malam, don Allah kada a sa waɗannan a akwati. A ba mu su mu karanta, ko da za su yage a hannunmu."