Tudun Bakhit da Baƙon Nizwa

Bakhit ɗan Mahad makiyayin raƙuma ne a duwatsun Zufar, mutum mai ƙaramin jiki da babbar murya. Duk wanda ya san shi ya san zancen tudunsa. A bayan ƙauyensu akwai wani tudu da in ka hau da damina za ka ga abu uku ba ka ɗaga ƙafa ba: teku a gabanka, koren daji a ƙarƙashinka, rairayin hamada can a bayanka. Mu da muka tashi a nan ba mu ɗauke shi abin faɗa ba. Amma Bakhit ya yi aikin soja a arewa yana saurayi, can ya ba abokinsa Khalfan, mutumin garin Nizwa, wannan labari. Khalfan ya yi dariya har da riƙe ciki.

Shekara talatin ke nan, duk lokacin da suka yi waya sai Khalfan ya ce, "Maƙaryacin dutse, tudun naka yana nan, ko raƙuma sun cinye shi?" Bakhit yakan yi dariya, amma abin yana ci masa rai. Shi ba ya ƙarya, kuma ya tsani a ce ya yi.

Bana Khalfan ya ce zai zo, kwana uku kacal. Bakhit ya riga ya sauko da raƙumansa fili kamar kowace damina, don santsin dutse yana karya musu ƙafa. Ya danƙa su hannun maƙwabcinsa, ya wanke tsohuwar motarsa, ya je ya ɗauko baƙonsa a filin jirgin saman birnin Salala.

Ranar farko ya yanka akuya, aka gasa naman a kan duwatsu masu zafi, aka sha hira. Ya ce gobe da sassafe sai tudu. Ya manta cewa a wurinmu baƙo ba na mutum ɗaya ba ne. Gari na wayewa sai ga yayansa Suhail a ƙofar gida.

"Baƙon ƙanina baƙona ne," in ji Suhail. "In ya bar ƙasar nan bai ci abinci a gidana ba, da wane ido zan kalli mutane?"

Wa ya isa ya musa wa babban wa? Daga gidan Suhail suruki ya karɓe su, daga suruki sai ɗan kawu. Khalfan yana ta lodar nama, yana kora nonon raƙumi mai kumfa, yana tsokana. "Ya Bakhit, akuya uku na gani da idona, su kam gaskiya ne. Teku fa?" Bakhit ya yi murmushin yaƙe.

Ranar ƙarshe matarsa Tuful ta tare shi yana alwalar asuba. "Kawunka Musallam ya ɗaure akuya tun jiya. In kana da wayo, ku fice kafin ya wasa wuƙa."

Suka sulale kamar ɓarayi, dattijai biyu da furfura. Motar tana fara hawa sai hazo ya rufe su. Shanu sun kwanta a tsakiyar hanya, Bakhit ya sauka yana korarsu yana yi musu faɗa kamar sun san nufinsa. Da suka isa kan tudun, ko tafin hannunka ba ka gani sosai. Ko'ina fari fat, sai yayyafi.

"Teku tana nan," in ji Bakhit, yana nuna farin hazo. "Hamada kuma ta nan." Shi kansa ya ji maganar ta fita kamar ta maƙaryaci. Suka jira har azahar, hazon bai motsa ba, ga jirgin Khalfan da la'asar. Kunya ta kama Bakhit, ya ji kamar ya yi kuka.

"Shi ke nan, ka ci," ya ce. "Je ka gaya wa Nizwa ni maƙaryaci ne."

Khalfan ya cire rawaninsa, ya tuɓe takalma, ya tsaya a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa yana barin ruwan yana sauka a sanƙonsa. A garinsu sai a yi watanni ba a ga ɗigo ba.

Can ya ce, "Wa ya ce na ci? Ban ga komai ba, don haka ba a yanke hukunci ba. Dole in dawo baɗi in duba da kyau. Ka gaya wa kawunka ya ci gaba da kiwata akuyar."

Bakhit ya buɗe baki zai yi musu kamar kullum, sai ya fasa. Daɗi ya cika masa zuciya. Ya goge fuskarsa da gefen mayafi ya ce, "Ai baɗin ma ba tabbas, tsoho. Hazon nan taurin kai gare shi."

"To sai baɗin baɗaɗa," in ji Khalfan.