Baƙo Maɗori da Ƙwaurin Tunkiya

A shekarun farko na mulkin kai, babu wanda bai san Baƙo maɗori ba a Dayi. Bamaguje ne, dogo, mai ƙarancin magana. Na zauna da shi shekaru masu yawa, don haka abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Baƙo ba ya ɗora karaya sai ya fara karya ƙashin ƙwaurin tunkiya daidai yadda yatsunsa suka ji a ƙafar mai ciwon. Sai ya naɗe gutsattsarin cikin tsumma, ya lumshe ido, ya yi ta harhaɗa su har hannunsa ya haddace hanya. In matashi ne ya karye, yakan nemi ƙashin ɗan rago. In dattijo ne, sai na tsohuwar tunkiya, domin ƙashin da ya tsufa tarwatsewa yake yi.

Da la'asar yakan zauna a gindin ɗorawa, ya ɗaga tsagaggen ƙashi wajen rana, ya daɗe yana kallo. Yakan ce ƙashi gari ne. Tsakiyarsa ganuwa ce mai kauri, bakinsa ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma, ɓargo kuwa yana kwance a ciki yana mafarkin tafiya.

A kakar 1964, wani dattijon manomi, Malam Aƙilu, ya faɗo daga amalanken auduga, ƙwaurinsa na hagu ya karye gida uku. Ɗansa Manu ya ce in ba a ɗora ba kafin motar safiya, asibiti zai kai shi. Malam Aƙilu kuwa ya sa a ransa cewa in ya shiga motar nan, da ƙafa ɗaya zai dawo.

Baƙo ya aika wa Labo mahauci ya kawo masa ƙashin tsohuwar tunkiya. Ƙasusuwan da aka kawo ya karya su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya rabu biyu sumul. Ya tashi ya tafi rumfar Labo da kansa.

"Labo, kaka na ce ka aiko mini, ka aiko jikoki."

"Haba Baƙo! Wa zai yanka tsohuwa ranar kasuwa? Haƙora ne a bakin mutanen Dayi ko gatari? Kai da ba ka salla, yaushe ka iya zaɓen rago?"

"Ƙashi ma ba ya salla, amma ya san shekarunsa."

A duk garin, tsohuwar tunkiya ɗaya ce, ta Baƙo, wadda ta shekara goma sha biyu tana bin sa gona. Ya koma gida, ya ba ta dusa, ya tsaya har ta cinye, sannan ya ja ta zuwa rumfar.

"Yanka irin naku," ya ce da Labo, "don gidan Malam su sha romo."

Da aka karya ƙashinta, ya tarwatse gida uku. Baƙo ya harhaɗa shi cikin tsumma sau bakwai. Kafin rana ta faɗi ya shafa wa Malam Aƙilu man shanu, ya ja ƙafar a hankali idanunsa a lumshe, ya jera kara ya ɗaure.

Da safe mota ta tsaya a bakin hanya. Manu ya dubi ƙafar mahaifinsa a miƙe, ya ɗaga wa direba hannu, motar ta wuce.

Da ruwan shuka ya sauka, na ga sawun Malam Aƙilu a gonarsa. Na hagu bai kai na dama zurfi ba, amma biyu ne.