Babin Madubin da Ba Ki Rubuta Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ana gab da tashi daga makaranta, mijinki ya kira ni ya ce rai ya yi halinsa. Na tsaya a gaban allo da alli a hannu, na kasa ƙarasa jimlar da na fara. Na Allah ne mu, wurinsa kuma muka nufa. Yaya, kin tafi.

Tun ranar nake jin masu gaisuwa suna cewa kin shahara da rubuta labarin soyayyar matan da ba su da kyau, wasu har suna ƙarawa da cewa ai irin waɗannan littattafai sun cika kasuwa. Ni ma haka na ɗauka kafin in san ki. Ke kika zaunar da ni a ɗakin karatun makarantarmu, inda kika yi shekara ashirin kina jera littattafai, kika zaro guda biyar daga kanta. A kowanne jaruma takan fara da gajarta, ko ƙiba, ko ƙaton tabarau. Amma kafin ƙarshe sai ta rame, ta cire tabarau, a yi mata kwalliya, ta tsaya gaban madubi ta kasa gane kanta. A nan ne saurayi yake ganinta. Kika sa wa wannan wuri suna babin madubi. Kika ce, “Ƙanwata, ba ita yake so ba. Jira ya yi aka musanya masa ita.”

Da fensir kike rubutu, a littafin rubutu irin na ’yan makaranta, kuma ba kya kai wa mai ɗab’i komai sai ’yan matan ƙungiyar karatuna sun fara karantawa. Labarinki na ƙarshe na wata tela ne mai tabon ƙuna daga kunne har wuya. A ajina akwai yarinya mai irin wannan tabo, wadda kullum take zama a jikin bango don ta ɓoye gefen fuskarta. Ita kika fara miƙa wa rubutun. Bayan kwana biyu ta dawo tana juya shafin ƙarshe, ta ce, “Anti, ina sauran? Ba a yi mata aikin goge tabon ba fa.” Kika yi dariya kika ce, “Babu saura, ’yata. Haka saurayin ya aure ta, haka suka tsufa.” A wancan makon ta koma kujerar tsakiya, har ta fara ɗaga hannu.

Sau uku mai ɗab’i ya dawo miki da rubutun. Ya ce masu saye ba za su yafe ba, a ƙara babi ɗaya kawai, likita ya goge tabon. Sau uku kika ƙi. Da ciwo ya kwantar da ke, sai ya sa wani ya rubuta. Littafin ya fito saura kwana tara ki rasu, da sunanki a bango, da hoton mace mai fuska sumul.

Na zo duba ki a asibiti da littafin cikin jaka. Muryarki ta riga ta dushe. Kika riƙe hannuna kika ce, “Sun saka madubin?” Na ce a’a. Kika lumshe ido kina murmushi. Yaya, ƙarya na yi miki, kuma har yau ban san ko alheri na yi ko cin amana ba.

Yarinyar ta sayi nata. Ta same ni bayan darasi, ta buɗe babi na ashirin da biyu ta ajiye a teburina. “Malama, ashe ita ma sai da aka gyara ta.” Na rantse mata ba hannunki ba ne, na nuna mata rubutun fensir. Ta ce, “Amma wannan ne kowa zai karanta.” Ta koma jikin bango, can take har yanzu.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya karɓe ki a yadda kike. Mijinta, ’ya’yanta uku, da mahaifiyarta da ta ga wannan rana da tsufanta, Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya ba mu haƙurin rashi.

Ku kuma ɗalibaina, ga aikin da ta bari. Kowa ta ɗauki fensir ta rubuta shafi ɗaya tak, inda aka so mace ba tare da an taɓa komai a jikinta ba. Ni na gwada sau huɗu, kuma duk lokacin sai in tsinci hannuna yana rage mata tabon. Wataƙila hannun ɗayarku ya fi nawa. Ku gwada.