Hujin da ke murfin tankin

Ɗana na biyu walda yake yi a wajen Ƙofar Kuyambana. Shekarar da matarsa ta haifi 'yan biyu ya haɗa injin faskare da hannunsa: jak ɗin wata tsohuwar tifa, da injin ban ruwa, da tankin mai da ya ƙera, sai baƙaƙen tiyo. In an ja hannun injin gaba, ƙarfen jak ɗin ya fito ya tura gungume kan bakin gatari ya tsage. In an mai da shi baya, ya koma. Iyakar abin da na gane ke nan. A kangon bayan ɗakina ya girke shi, don haka a kan idona yake.

Ana gobe suna aka sauke mana gumagumai. Masu faskaren da muka saba kira kuwa tuni ya ce musu bana su huta. Ga tukwane an jera, ba icen da zai shiga murhu.

Da hantsi ya tayar da injin. Gungume biyu suka tsage lafiya. A na uku ƙarfen ya fito yana makyarkyata, ya tsaya a rabi, famfon da ke tura mai ya kama wani siririn kuka.

Na ce, "Kai, kashe shi kafin ya ci hannun wani."

"Inna, ki bari. Iska ce ta shiga tiyo."

Ya sassauta wani noti, mai ya fito da kumfa. Ya buɗe tanki ya ƙara mai, ya rufe. Ya sake tsaga biyu, abin ya sake tsayawa. Sau uku ana haka. Ni dai na kasa gane ciwon da ke warkewa in an buɗe murfi, ya dawo in an rufe.

Bayan azahar ya kira abokinsa mai gyaran tarakta daga Wusasa. Suka kwance tiyo biyu suka sauya musu mazauni. Sai ga shi an ja gaba ƙarfen yana komawa baya.

Na ce, "Malam, gyaran ke nan? Da ƙin tafiya yake, yanzu ka koya masa gudu."

"Hajiya, gwaji ne."

Suka mayar. Suka ɓare akwatin da hannun yake ciki, suka zube sifirin da ƙananan ƙarafa a farantina, suka wanke da kananzir, suka haɗa. Bai canja ba. A cikin gida dangin mai jego sun fara isowa, wata har ta leƙo tana tambaya ko a aika kasuwa a sayo gawayi. Na ce ta koma ta zauna. Ɗana ko kallona ba ya iya yi.

Can abokin ya kwance murfin tankin yana jujjuyawa. "Wai ina hujin da na ce ka bari a nan?"

"Na huda mana."

Abokin ya sa ƙusa ya ƙwaƙulo wani abu da mai ya baƙanta, ya shinshina. "Sabulu ne wannan."

Na ce, "Ni na toshe. Shekaranjiya."

A gidana randa ba ta zama a buɗe, balle mazubin mai. Na ga huji, na liƙe shi yadda nake liƙe bokiti in ya fara yoyo.

"Inna! Ta nan fa yake shan iska!"

"Tun safe kana korar iska, ka ce ita ce cutar. Yanzu kuma sai da ita? Wanne zan kama?"

Abokin ya danne dariya. Ya ce in tuna gwangwanin madara, in huji ɗaya aka yi masa ba ya zuba sosai. Na madara na sani. Yadda aka yi iskar sama ta zama magani ta tiyo ta zama cuta, har yau ban gane ba, kuma na sa sun maimaita mini sau biyu.

Suka mai da murfin da hujinsa a buɗe. Ƙarfen ya fita sumul, gungume ya yi ƙara ya rabe, na bayansa ma haka. Ban ba kowa haƙuri ba. Na tsaya a kansu ina ware busasshe da ɗanye, mata na kwasa a zannuwa, kuma kafin a kira la'asar an hura murhu uku.