Indiya Mai Jandarma

Ni dai ban taɓa sakin jiki da ƙanina ba. Tun yana yaro, in zai shirga maka ƙarya ko ƙifta ido ba ya yi. Amma shi ne ɗan boko, yana aikin ofis a Inugu, ni kuwa albasa nake sayarwa a Kasuwar Ose ta Anaca. Don haka da ciwon zuciyar Innarmu ya yi tsanani aka ce sai Indiya, shi aka haɗa ta da shi.

Da farko lafiya lau. Daga baya sai na lura kullum daga bakin titi yake kirana ta bidiyo. In na ce ba ni Inna, ya ce tana barci. Wane irin barci ne wannan da ba a farkawa a gaisa?

Ran nan ina zaune kan buhu muna magana, sai na hango wani shuɗin allo a bangon da ke bayansa, an rubuta "Rue". Na daɗe ina saro albasa a Nijar, na kuma sha zuwa Kwatano, na san haka ake ce wa titi da Faransanci. Ban gama mamaki ba sai ga ɗan sanda ya gitta da jar hula mai baki, sak ta jandarma. Ga gidaje rawaya masu dogayen tagogi, ga teku can gefe.

"Kai, tsaya. Ina kake?"

"Indiya mana, Yaya. Fondiceri sunan garin, Faransawa ne suka riƙe shi a da."

"Indiyar da Ingila ta mulka? Ni za ka raina wa hankali?"

Na ɗauka ya yada tsohuwa a wani ɗan asibitin Kwatano, babu tiyata babu dalilinta, yana yawonsa. Na nuna wa maƙwabcin rumfata, wani Inyamuri mai barkono, hoton da na ɗauka daga bidiyon. Ya kalla ya ce, "Alhaji, na Cotonou be dis," wato Kwatano ce. Wani malamin makaranta ɗan Kudancin Kaduna da ke sayayya a wurina ya duba waya ya ce lallai akwai garin. Na ce to ai shi ma ƙanin nawa yana da waya, a nan ya samo sunan.

Da ƙanin nawa ya sake kira, ya nuno min kekenapep, na ce mu ma muna da su a Anaca. Ya nuno min mata sanye da sari, na ce Indiyawa masu kanti sun cika Kwatano. Ƙarshe dai na ce in bai haɗa ni da Inna yanzun nan ba, gobe zan hau mota in zo in same shi, kuma daga nan ba ni ba shi.

Ya yi 'yar tafiya, sannan ya juya wayar.

Tana kan keken marasa lafiya a bakin ruwa, an lulluɓe ta da mayafi, ta rame har na kusa kasa gane ta. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika haɗa ido da ni ba. Ranar kuwa ta kafe ni da kallo.

"Ka ƙyale yaron nan, ni na hana shi. Indiya muke. Likitocin sun duba, sun ce zuciyar ba za ta ɗauki aiki ba. So na yi sai na dawo in gaya maka da bakina."

Da ma a ce Kwatanon ce.

"Ka aika a share min ɗakina," in ji ta. "Ba ɗakin Anaca ba. Na gida, can Arewa."