Bargon Sale

Ku matso ku ba ni kunnuwanku, ga wata nan tafe. Ba ta dawa ba ce, ta gidanmu ce.

Ina yarinya a Madina, zamanin da aikin Hajji ke faɗowa cikin sanyi, gidanmu masaukin alhazai ne daga ƙasar Hausa. Suna watsewa, kakata Inna Hajjo sai ta ci ɗamara. A wanke barguna a shanya, a ɗinke katifar da ta yage, a goge manyan tukwane da toka a kife, a zuba kanumfari cikin ninki saboda ƙwari. Wai don kada baɗi ta same mu muna dabur-dabur.

Bargo ɗaya ne ba a ba kowa. Na ƙanenta ne Sale, wanda zazzaɓi ya tsayar a Sudan lokacin da suke tahowa a ƙasa. Ya ce ta wuce, zai iske ta baɗi. Tun daga nan, duk alhajin da zai koma sai ta ba shi kwatancen gidan nan ya kai wa Sale.

Wata shekara, muna kewaye da kaskon gawayi bayan magariba, Baba ya ce ya samu aiki a birnin Yanbu, za mu tashi.

"Halas, ya isa haka, Inna, bana kar a wanke komai. A rabar."

Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. "Kai wannan, in Sale ya ƙwanƙwasa, wa zai buɗe?"

"Inna, ko fuskarsa za ki gane?"

"Ƙafarsa zan gane. Tare suka tsage da tawa."

Sai ta juyo gare mu yara, ta soma labari. Wai an yi wata mata mai rijiya a bakin hanyar fatake. Duk ayarin da ya wuce, sai ta yashe rijiyar, ta sake wa guga igiya. Wata shekara ta gaji, ta ce tsohuwar igiyar za ta kai. Tana kasuwa ɗanta da ya daɗe a tafiya ya iso da ƙishi. Ya jefa guga, igiya ta tsinke. Da ta dawo, sawunsa kawai ta tarar, ya yi gaba.

Na ce, "Inna, ya dawo?"

"Ba a gaya mini ba. Gobe ke za ki jiƙa barguna."

Da safe Baba da kansa ya ɗebo ruwan wankin.

A da na ɗauka tsabta take koya mana. Sai da na tsufa na gane jira take koya mana, kuma har yau ban sani ba ko alheri ta bar mini ko kaya.

Baba ya tafi Yanbu shi kaɗai, yana zuwa mana jefi-jefi har ƙarfinsa ya ƙare. Inna Hajjo ta rasu a gidan, aka rushe shi bayanta. Sale, ko labarinsa. Ni kuwa ga ni a bene a unguwar Sultana, jikoki na amsa mini da Larabci, duk bayan Babbar Sallah ina wanke bargon ina ninkewa. Sai dai ba wanda aka taɓa ba kwatancen wannan ƙofar.