Nauyina a Hancin Jirgin Baba

Ranar Juma'a ce, kwana uku bayan Sallar Layya, a shekarar da haƙoran gabana suka fita. Baba ya kira ni bayan garejin da yake aiki a unguwar Abbasiya, inda ya shekara biyu yana haɗa jirgin sama da hannunsa. Bakatsine ne, ya biyo ta Sudan da niyyar Makka, Allah Ya zaunar da shi a Alƙahira da sufana a hannu. Jirgin mai kujera ɗaya ne, injin tsohuwar mota a gaba, fukafukai na katako an ja musu yadi. Ya ɗora shi bisa gungume, ya sa buhun yashi mai nauyin jikinsa a kujera, sai wutsiya ta faɗi ƙasa, hanci ya kalli sama kamar akuya ta hango ganye. Sau uku ana gwadawa, sau uku wutsiya na rinjaya. Sai ya ɗauke ni cak ya aza a hancin. Jirgi ya sunkuyo a hankali, a hankali, ya tsaya daidai.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "jirgin da wutsiyarsa ta fi nauyi miƙewa yake tsaye ya kayar da mai shi. Nauyinki nake so a nan, ba ƙari ba ragi."

To, ni yarinya, sai na ɗauki maganar yadda ta fito. Na ce ashe ni za a ɗora ranar tashi, in kuwa na ƙara girma jirgi ya kifa da Baba. Daga ranar na ɗaure cikina. Gida duk ƙanshin soyayyen nama, ni kuwa in an miƙo mini burodi da wake sai in haura saman bene inda muke shanya, in marmasa wa tantabaru da agwagin maƙwabta. Yaran Larabawa su zana gala-gala su yi ta kirana, in ce ƙafata ke ciwo. A rana ta huɗu jiri ya ɗebe ni a matakala, da bahon wanki a kaina. Inna ta tsare ni da ido har na faɗa mata komai. Ba ta yi dariya ba. Ta yafa mayafi, ta ja hannuna har gareji, ta ce, "Malam, ga 'yarka, jirginka zai cinye ta tun bai tashi ba."

Baba ya ajiye sufana. Can ya aro babban sikelin mai albasa, ya zaunar da ni a gefe ɗaya. A ɗaya gefen ya jera zobba huɗu da ya yanko daga faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa da injin mota, waɗanda ya riga ya gwada suka daidaita jirgin. Ƙarfe ya rinjaye ni, na yi sama. "Kin ga ɓarnar da kika yi?" ya ce. Sai da Inna ta ɗora mini kwanon nama a cinya sikeli ya daidaita. Ina ci ina kallo ya ɗaure zobban a bayan farfela, noti bayan noti. "Halas, shi ke nan, uwata. Ƙarfe ya karɓe ki. Je ki girma."

Sau ɗaya ya tashi da shi, a hamada bayan gari. Ya ɗaga kamar tsayin raƙumi, ya sauka a kan tayoyinsa, Baba ya fito da ƙafarsa. A nan Inna ta sa shi ya rantse ba zai ƙara ba.

Yanzu jikokina kan hau manyan jirage zuwa Kano, su yi barci a ciki, ba wanda ya taɓa tambayar me ke hancin jiragen. Zobe ɗaya ya rage mini, shi ke tokare ƙofar barandata a unguwar Hadayik Ma'adi. In na sunkuya zan ɗaga shi sai na yi nishi. Ashe ko kashi ɗaya cikin huɗu na yarinyar nan ya fi ƙarfina yau.